Lafiya Lau Ɗin Da Ta Cinye Mana Bijimi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon wannan wasiƙa. Ni tela ne a nan Maradi, na fi shekara 20 ina taka keke, kuma alƙalami ba ya shiga hannuna sai in zan rubuta awon wuya da tsawon riga. Abin da ya sa na ɗauke shi yau, makon jiya ne mota ta kwashe wani yaro ɗan kabu-kabu da ke ajiye babur a ƙofar shagona. Ya faɗi, kansa ya daki ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe wando. Mai motar ya miƙa masa jika biyar na gyaran fitila, jama'a suka ce Allah Ya kiyaye gaba, aka watse. Da ya zo yana ba ni labari na ce masa ya tashi mu je likita a duba shi, sai ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, ba ga ni tsaye ba?" Gabana ya faɗi, domin na taɓa jin irin wannan magana daga bakin kawuna, na kuma ga inda ta kai mu.

Bara ne, bayan an gama cire aya. Mun je ɗaurin aure Tasawa ni da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Ya haura shekara 60, amma har lokacin shi ke bin kasuwannin ƙauye da kansa yana sayen aya da wake. Muka shigo Hiyas ta dawowa, irin wadda ake loda wa buhuna a bisa har kayan su fi motar tsayi. Mun wuce Gazawa, mun wuce Agye, saura kaɗan mu shiga Cadawa, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar baya ce ta fashe. Motar ta yi tangal-tangal, ta sauka daga kwalta, ta kwanta a gefe guda cikin karan hatsi. Salati ya kaure. Wata mata ta karye a hannu, karen motar kuwa gilashi ya tsarge masa kai, jini ya wanke masa fuska. Su biyun nan kowa ya rufa a kansu, kuma haka ya kamata.

Kawu kansa ya bugi ƙarfen taga, sama da kunnen dama. Ƙululu ya fito kamar ƙwan zabo, ya shafa, ya mayar da hularsa ta rufe. Shi ne ma ya kama ya fito da yara ta ƙofar baya, kuma shi ya ja mu sallar la'asar a bakin hanya. Ni kuwa da tafin hannun dama na dafe ƙasa, na ji ɗan zafi a wuyan hannu, na yarfe shi na manta. Da jandarmomi suka iso suka yi awon hanya, suka tambayi waɗanda suka ji rauni, Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Mu dai lahiya lau muke, ku ji da waɗanga masu zubda jini." Ni ma na gyaɗa kai. Abin da muka faɗa shi suka rubuta, ba ni da bakin zarginsu.

Kwana biyu da haka mai motar ya zo gidan Kawu da dattawa biyu daga tasha, da ƙullin goro. Mutumin kirki ne a fuska, kuma ina jin har a zuci. Aka yi jaje, aka yi addu'a, ya ajiye mana jika goma-goma, wato sefa 10,000 kowannenmu, ya ce a sha magani. Sannan ɗaya daga cikin dattawan ya fito da wata takarda da Faransanci. Kawu ya dangwala yatsa yana cewa, "Ƙaddara ce, mun yahe duniya da lahira." Ni na yi makarantar boko har ajin ƙarshe na firamare, da na so karantawa da na fahimci rabinta. Amma yaya za a yi kawunka ya dangwala a gaban dattawa, kai yaro ka ce a ba ka ka karanta? Kunya ta sa na sa hannu.

Mako uku babu komai. Kawu ya koma kasuwanninsa. Sai ya fara cewa kansa na ciwo, musamman da asuba. Aka saya masa ƙwayoyi wajen masu yawo da magani a faranti, ciwon ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo. A mako na biyar abin ya canza kama. Mutumin da ke lissafa kuɗin tiya 40 a ka kafin yaron shago ya gama danna waya, sai ga shi yana ba da canji sau biyu. Ya yi azahar raka'a uku ya sallame. Ya kira 'yarsa da sunan yayarsa da ta rasu tuntuni. Ludayin fura ya riƙa suɓuce masa, takalmin ƙafar hagu yana fita bai sani ba, ga yawan barci ko ana tsakiyar hira.

Kowa a gidan ya kawo nasa bayanin. Matansa suka ce iska ce, wai akwai tsohuwar tsamiya kusa da inda muka faɗi. Wani ƙanensa ya rantse sammu ne na abokan sana'a, don a bara Kawu ya riga su sayen aya. Masu ɗan boko suka ce hawan jini, wasu suka ce tsufa ne kawai ya sallama. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan, da su aka raine mu. Abin da nake faɗa shi ne, cikinmu duka, har da ni da muka faɗi tare, babu wanda ya tuna da ƙululun nan. Ai ya daɗe da sacewa. Wa zai haɗa ciwon yau da bugun da aka yi tun kafin sanyi ya shigo?

Allah Ya kawo mana mafita ta hannun wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa ɗinki. Ta kawo atamfa, ta tarar ina ba wani labarin halin da Kawu ke ciki. Ta saurara, sai ta ce, "Tela, tsohon nan ya taɓa buguwa a kai kwanan nan?" Na ce a'a. Can kuma na ce, "Sai dai hatsarin da muka yi, amma wannan ai an kusa mako bakwai." Ta ajiye atamfar a kan keke ta ce, "Rufe shagon nan. Yau za ku kai shi, ba gobe ba, kuma ku ce a yi masa sikana, wato hoton cikin kai."

Likitan da ya duba hoton ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa, Allah Ya saka masa da alheri, kuma bayanin nan ne rabin dalilin wannan wasiƙa. Ya ce tsakanin ƙwaƙwalwa da mayafin da ke lulluɓe da ita akwai 'yan siraran jijiyoyin jini. Idan mutum ya manyanta ƙwaƙwalwarsa takan ɗan tsuke, sai jijiyoyin nan su miƙe kamar zaren da aka ja, bugu kaɗan ya isa ya tsinka ɗaya. Jinin ba ya ɓallewa gaba ɗaya, tsattsafowa yake yi kamar sabon tulu, yau kaɗan gobe kaɗan, har makonni. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba shi wuri, don haka ƙwaƙwalwar yake dannewa. Ya nuna mini shi a hoton, ya kwanta a gefen dama kamar jinjirin wata, ya ce shi ya sa ƙafar hagu ce ta mutu, don kowane ɓari na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jiki yake tuƙawa. Ya tambaye ni irin ƙwayoyin da ake ba shi, da na nuna masa kwalin sai ya girgiza kai, ya ce asfirin da danginsa suna hana jini daskarewa, bai kamata wanda ya bugu a kai ya sha su ba sai da izinin likita.

Aka yi masa aiki, aka huda ƙoƙon kan aka zuƙe jinin. Kwana biyu bayan nan ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Kai, nawa tiyar aya take yanzu?" Na fita waje na yi kuka. Amma kafin a kai ga wannan tambaya an sayar da bijiminsa na amalanke, da buhunan ayar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada, an kuma ci bashi. Har yau ƙafar hagun ba ta koma daidai ba, da sanda yake zuwa masallaci, kasuwannin ƙauye kuwa sai dai labari.

A kwanakin jinya na yi ta yi wa likitoci da ma'aikatan jinya tambaya, kamar ɗan makaranta. Na ce me ya sa ba mu ji komai ba a ranar? Suka ce idan mutum ya firgita jikinsa yakan saki wani sinadari da ke danne zafi, kamar wanda kare ya biyo ya taka ƙaya bai sani ba sai ya tsaya. Shi ya sa ciwon wuya na wanda mota ta fizga yakan bari sai washegari ko bayan kwana biyu ya bayyana. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na saifa. Tana nan a hagu ƙarƙashin haƙarƙari, takan tsage a ciki amma fatarta ta riƙe jinin na 'yan kwanaki, sannan ta fashe. Mutum yana zaune sai jiri, sai gumi mai sanyi, sai ciwo a cikin hagu har ya haura kafaɗar hagu. Suka ce mu nan ƙasar zazzaɓin cizon sauro abin ya fi shafarmu, don zazzaɓin yana kumbura saifa, kumburarriya kuwa ta fi saurin fashewa. Mace mai ciki ma ko ba ta ga jini ba a kai ta a duba, don mabiyiya na iya ɓamɓarewa daga mahaifa a ɓoye. Wanda ya bugu a kai kuma, in aka ga amai, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko ruɗewa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko wani ɓari ya yi sanyi, ko farfaɗiya, to ba maganar jira ba ce, ko da an yi wata biyu da hatsarin.

Nawa hannun ma bai bar ni ba. Zafin nan na wuyan hannu ya ƙi tafiya, in na kama almakashi sai in ji kamar an soka allura a gindin babban yatsa. Na je wajen maɗori ya ce targaɗe ne, ya ja ya shafa mai. Da muna asibiti na ce bari in yi amfani da dama, aka ɗauki hoto, ashe wani ɗan ƙaramin ƙashi ne ya tsage tun ranar. Likitan ya ce ƙashin nan munafuki ne, sau da yawa ko an ɗauki hoto a ranar farko ba a ganin tsagar sai an sake bayan kwana goma ko mako biyu, kuma jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa yake wuyar haɗewa in an makara. Aka sa mini filasta wata uku. Wata ukun nan kuwa suka haɗa da azumi. Duk wanda ya san tela ya san azumi ne kakarsa. Ina zaune ina kallon mutanena na shekara da shekaru suna kwashe yadinsu suna kai wa wasu, ban ga laifinsu ba, sallah ba ta jiran hannun kowa.

Yanzu ga rabi na biyu na maganar. Cikin masu kawo mini ɗinki akwai magatakardan wani lauya. Shi ne ya tambaye ni, "To, asiransin motar me suka ba ku?" Na ce wane asiransi? Ni a sanina asiransi wata takarda ce da direba ke nuna wa jandarma don kada a kama motarsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna ya warware mini.

Ashe akwai doka guda da ta haɗa ƙasashe 14 na Afirka, har da Nijar, kan harkar inshora. CIMA ake kiranta, an sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde ta Kamaru a 1992, ta fara aiki a 1995. Ita ce ta wajabta wa duk mai mota ya yi asiransi, wato inshora, kuma ba don jandarma aka wajabta ba, don mu ne, fasinja da mai tafiya a ƙasa da duk wanda motar ta yi wa lahani. Direban da ke tuƙi kuwa wannan asiransi na dole bai rufe shi ba. Dokar ta ce jami'an da suka yi konsta, wato takardar rahoton hatsari, su aika wa kamfanin da kwafinta cikin wata 3. Ta ce kamfanin shi ne zai gabatar wa wanda ya ji rauni da tayin diyya, cikin wa'adin da bai wuce shekara guda ba, ko da mutum bai je ya roƙa ba. In ciwon bai gama bayyana ba ana iya yin tayin wucin gadi, na ƙarshe sai likita ya tabbatar raunin ya tsaya inda zai tsaya. Ko bayan mutum ya sa hannu a sulhu da kamfani yana da kwana 15 da zai iya warwarewa ta wasiƙa mai rajista, in an saɓa wa dokar a lissafin. Ƙofar ƙara kuma ba ta rufewa sai bayan shekara 5 daga ranar hatsari. Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani, da kwanakin da mutum ya yi bai yi aiki ba in sun wuce 8, da naƙasar da ta zauna, da azabar da aka sha, har da tabon da ya ɓata kama.

Na fita daga wajensa kamar an ba ni kujerar Makka. Da na isa ofishin kamfanin aka sauke ni ƙasa. Matar da ke karɓar takardu ta ce, "Malam, ina konsta?" Na miƙa. Ta bi da yatsa ta ce masu rauni biyu ne a ciki, mace guda da karen mota, babu sunan Kawu, babu nawa. Ta ce, "Ina takardar likita ta farko?" Na miƙa ta asibiti. Ta dubi kwanan watan ta ce tsakaninta da hatsari mako bakwai. Sai ta ɗago kai ta ce, "To Malam, wa ya san ko daga amalanke ya faɗo a cikin mako bakwai ɗin nan?" Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce Hajiya, kawuna bai taɓa ƙarya don kuɗi ba. Ta ce ita ba ta ce ya yi ƙarya ba, takarda take tambaya. Na kwana ina juya maganar, kuma duk da haushin da na ji, na gane a wajensu abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Mu da bakinmu muka ce lafiya lau, aka rubuta, yanzu mun dawo muna cewa ba haka ba ne.

Watanni muka yi muna ɗinke abin da minti goma za su gyara a ranar farko. Mun samo sunayenmu a takardar fasinjoji ta tashar Tasawa. Mun nemo mutum uku da muke cikin motar tare, suka ba da shaida. Wani yaro ya ɗauki bidiyo a wurin ya yaɗa a WhatsApp, da ƙyar muka samo shi, ga Kawu a ciki ya cire hula zai yi alwala, ƙululun na nan ɓaro-ɓaro. Likitan da ya yi aikin ya rubuta cewa jinin da ya tarar tsoho ne na makonni, ashe a hoton sikana sabon jini fari yake fitowa, tsoho kuma ya yi duhu, su suna ganewa. Takardar zauren nan kuwa ta zame mana ƙashin kifi a maƙogwaro. Lauyan ya ce ba ita ce irin sulhun da dokar ta tsara tsakanin kamfani da mai rauni ba, amma duk inda muka je ita ake fara ɗagowa a nuna mana dangwalen Kawu.

Akwai kuma wani abu da ya ci mini rai, ina son 'yan'uwana masu sana'ar hannu su ji shi. Wanda ba shi da takardar da ke nuna abin da yake samu, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi. A Nijar sefa 42,000 ne a wata tun farkon 2024, kafin nan ma 30,047 ne. Ni da a goman ƙarshe na azumi kaɗai nake ninka wannan, sai ga shi za a auna ni da shi, don ban taɓa ajiye littafin shiga da fita ba, rasiɗin fatanti, wato harajin sana'a, ma ban san inda na jefa su ba. Haka kuɗin magani, wanda ke da rasiɗi da ordinansi, wato takardar da likita ya rubuta magani, shi ake ƙirgawa. Abin da muka kashe wajen masu faranti da maɗori da hayar mota cikin dare, ya bi ruwa.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don a gidanmu ma an faɗa. Wai neman diyya rashin tawakkali ne, wai wanda ya yafe ba ya dawowa, wai za a ce mun ci kuɗin ciwo. Kawu da kansa ya fi kowa ƙin maganar da farko, ya ce shi ba zai tozarta mutumin da ya tako har zaurensa da goro ba. Ni ba malami ba ne, ban kuma zo yin fatawa kan inshora ba, malamai suna da maganganunsu a kai. Amma na kai tambayata wajen malamin da muke ɗaukar karatu a zaurensa bayan asuba, ya ce mu dawo babin jini da haddi na Risala, littafin da ke cikin kowane zauren karatu a garin nan. A can aka ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Ka ji fa, Edita. Malaman Malikiyya tun fiye da shekara dubu sun san rauni yana da gobe, sun hana a yi masa kuɗi a ranar da aka ji shi. Mu kuma da muke taƙama da bin su, muna yanke wa ciwon kai farashi kwana biyu da bugu, a kan jika goma da goro. Ya kuma tuna mini cewa a kisan kuskure ba a kan mai kuskuren kaɗai ake ɗora diyya ba, danginsa ne ke haɗuwa su ɗauka, don kada a karya mutum guda.

Da wannan na shawo kan Kawu. Na ce, "Kawu, wa kuka yafe wa? In direba ne, ya yafu, babu mai kai shi kurkuku, ni ma na yafe masa. Amma mai motar nan kuɗi yake zubawa kamfani duk shekara saboda rana irin wannan. In kun ce kun bari, ba aljihun direba kuka taimaka ba, ba na mai mota ba, kamfani kuka bar wa, ku kuma kun sayar da bijimi." Ya yi shiru, can ya ce, "To, je ka yi, amma kada a ɗaga wa mutumin nan murya." Ba a ɗaga ba. Mai motar ma da ya gane ba daga jikinsa za a cira ba, shi ya kawo mana kwafin takardar asiransinsa da hannunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara a duniya. Duk sanda na ji irin wannan ƙidaya a rediyo sai in ce, da Kawu ya cika a mako na takwas, a wane layi za a sa shi? A gidanmu dai da an ce iska ce ta ɗauke shi, a konsta kuwa yana cikin waɗanda suka fita lafiya lau.

Roƙona ga jami'an da ke zuwa wurin hatsari, don Allah ku rubuta sunan duk wanda ke cikin motar, har da mai cewa ba abin da ya same shi, ku kuma tambaye shi ko ya bugu a wani wuri, don Bahaushe ba ya cewa yana jin ciwo alhali ga wani kwance cikin jini. Shugabannin tasha kuma, zuwa jaje abu ne mai kyau, ku ci gaba, amma ku bar takarda a aljihu har ciwo ya nuna fuskarsa. Gidajen rediyonmu na Maradi da ke cika mana kunne da tallan maganin basir, ku ba likita da lauya ko rabin awa a mako su yi wannan bayani da Hausa. Dokar nan tun 1995 take aiki, amma ni sai a bakin mai kawo ɗinki na ji ta. Wanda kuma hatsari ya rutsa da shi, ko a ƙafa yake, ya je likita a ranar, ya faɗi duk inda ya bugu ko da ba ya zafi, ya karɓi takarda mai kwanan wata da hatimi, ya ɗauki lambar motar da hoton takardar asiransinta a waya. Kuɗin takardar likitan zai yi masa ciwo a ranar, na sani, amma bai kai kuɗin bijimi ba.

Yaron nan ɗan kabu-kabu dai na matsa masa har ya je, da sharaɗin ni zan biya. Sun duba shi sun ba shi takarda, sun ce a sa masa ido. Lambar motar da ta buge shi tana cikin littafin awona, tsakanin awon wani ango da na wani ɗan makaranta, don shi bai ko dube ta ba, wani mai shayi ne ya riƙe.

Namu fayil ɗin har yanzu yana ofis, ba mu ga ko dala ba tukuna. An ce ranar Litinin mai zuwa mu kai Kawu likitan da kamfani ya zaɓa ya auna abin da ya rage a ƙafar. Jiya ya aiko jikansa ya ce in samo masa hula mai zurfi kafin ranar, wai waccan ba ta rufe tabon aikin.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.

Naka,
Wani tela daga unguwar Zariya, Maradi